Yadda Ake Shirya Tafiyar Ayari Zuwa Kamun Salmon da Halibut a Tekun Alaska

Mutum shida da suka yi karo-karo suka ɗauki shatar jirgin ruwa a Alaska, jihar Amurka da ke can arewa, suna iya komawa gida da kifin da zai ishi iyalansu watanni, suna kuma iya komawa da jiri da ɓacin rai da aljihu wayam. Abin da ke raba waɗannan biyun yawanci ba gwanintar riƙe sandar fatsa ba ce, domin ma'aikatan jirgin suna koya wa baƙo wannan cikin rabin sa'a. Abin da ke raba su shi ne shirin da aka yi a tudu tun watanni kafin a taka jirgin: garin da aka zaɓa, ranar da aka tsayar, da kuma ko kowa ya fahimci doka kafin a jefa ƙugiya. Wannan jagora an yi ta ne domin ayarin abokai ko dangi, daga mutum huɗu zuwa goma sha biyu, waɗanda ba su taɓa fita su a tekun arewa ba.

Mataki na farko: a naɗa madugu

Ayarin da ba shi da madugu ba ya tashi. A zaɓi mutum ɗaya wanda shi kaɗai zai riƙa magana da mai jirgi, da masauki, da kamfanin da zai gyara kifin, sannan a ba shi ma'aji wanda zai riƙe kuɗi ya rubuta abin da kowa ya bayar. Masu jiragen Alaska suna karɓar kafin alƙalami kafin su keɓe wa ayari rana, kuma ranakun Yuli da farkon Agusta kan ƙare tun cikin hunturu, saboda haka a fara magana wata shida zuwa tara kafin tafiya. Kada madugu ya biya wa kowa daga aljihunsa da fatan za a mayar masa daga baya. A tsayar da ranar da kowa zai kawo rabonsa, a kuma amince tun farko cewa wanda ya janye bayan wa'adin mai jirgi ya wuce, ko dai ya kawo wanda zai maye gurbinsa ko ya haƙura da kuɗinsa. Wannan magana ba ta da daɗin faɗa tsakanin 'yan'uwa, amma faɗarta a watan Janairu ya fi sauƙi a kan faɗarta a bakin tashar jirage.

Mataki na biyu: a san kifin da ake nema

Halibut kifi ne shimfiɗaɗɗe kamar faifai, yana kwance a ƙasan teku, idanunsa biyu duka a gefen dama, bayansa mai duhu kalar yashi da laka, cikinsa fari fat. Waɗanda aka fi kamawa a jiragen shata suna tsakanin kilo 5 zuwa 15, amma yana girma fiye da yadda mai kallon hoto zai gaskata. Mafi girma da aka taɓa kamawa da sandar fatsa shi ne wanda Jack Tragis ya fitar kusa da Unalaska a 1996, mai nauyin laba 459, wato kimanin kilo 208. Kusan duk manyan nan mata ne, su ne kuma masu zuba ƙwai da yawa, shi ya sa kyaftin da yawa kan roƙi baƙi su saki wadda ta haura laba 100. Ni ma ina ganin roƙon yana kan hanya, domin naman matsakaicin halibut ya fi laushi da daɗi, kuma hoto ba ya shiga tukunya.

Salmon na tekun Fasifik kuwa iri biyar ne, kuma kowane da lokacinsa. Babbansu shi ne wanda ake kira king, wato sarki, wanda ake nema a teku galibi a Mayu da Yuni. Les Anderson ya kama mai laba 97 da 'yan kai, kimanin kilo 44, a kogin Kenai a 1985, har yau kuma ba a wuce shi da sandar fatsa ba. Sai silver, wanda ke cika gaɓar teku daga tsakiyar Yuli zuwa ƙarshen Agusta, mai tsalle da faɗa, kuma shi ne ya fi dacewa da ayarin sababbin hannu saboda yana zuwa garke-garke. Akwai sockeye mai jan nama, wanda da wuya ya ɗauki ƙugiya a ruwan gishiri, an fi samunsa a koguna. Sauran biyun, pink da chum, sukan faɗo wa mutum ba tare da ya neme su ba.

Daga nan lissafin ya fito fili. Ayarin da ke son halibut da silver a rana ɗaya ya nufi ƙarshen Yuli ko Agusta. Wanda ya ƙwallafa rai a kan king ya nufi farkon bazararsu, ya kuma shirya wa yiwuwar a rufe kamunsa, domin a 'yan shekarun nan yawan king ya ragu sosai a kogunan yankin Cook Inlet, wani babban mashigin teku a kudancin jihar, hukumar kifi da namun daji ta jihar Alaska kuma takan fitar da umarnin gaggawa ta taƙaita kamun ko ta hana shi baki ɗaya a tsakiyar lokacin kamun.

Mataki na uku: Homer ko Seward

Ga wanda zai sauka a Anchorage, birni mafi girma a jihar, garuruwa biyu ne suka fi sauƙin kaiwa da mota. Seward tana da nisan mil 125 ko kusa da haka, tafiyar sa'a biyu da rabi zuwa uku, kuma jirgin ƙasa yana zuwa can a lokacin bazara. Tana bakin mashigin Resurrection, ta yi suna wajen silver, har ana gasar kamunsa a kowane Agusta tun 1956. Sai dai jiragen da ke neman halibut daga Seward sukan yi tafiyar sa'a biyu ko fiye su fita tekun Gulf of Alaska, inda igiyar ruwa take da tsawo da nauyi.

Homer tana ƙarshen babbar hanyar Sterling, kimanin mil 220 daga Anchorage, wato a ware sa'a biyar. Tashar jiragenta tana kan wani siririn tsiri na ƙasa mai tsawon mil huɗu da rabi da ya kutsa cikin mashigin Kachemak, kuma garin yana kiran kansa babban birnin kamun halibut na duniya. Wuraren kamun kifin sun fi kusa, amma ruwan Cook Inlet yana da wata ɗabi'a da ta sa tilas a yi mataki na gaba da natsuwa.

Mataki na huɗu: a duba wata kafin a tsayar da rana

Teku tana cikowa tana janyewa sau biyu a kowace rana, kuma Cook Inlet na cikin wuraren da wannan hawa da sauka ya fi girma a duniya. A Homer akwai ranakun da tazarar da ke tsakanin cikar ruwa da janyewarsa takan haura mita shida. Duk wannan ruwa yana wucewa ne cikin sa'o'i shida, saboda haka yana gudu kamar kogi a tsakiyar damina. Tun da halibut a ƙasa yake, dole abincin ƙugiya ya zauna a ƙasa, kuma idan ruwa yana gudu da ƙarfi sai an ɗaura dalma mai nauyin laba uku ko huɗu kafin ta taɓa ƙasa. Wanda ya naɗo irin wannan dalma daga zurfin mita 60 sau goma, don kawai ya duba ko an cinye masa abinci, zai san kafaɗunsa kafin azahar.

Wata ne ke jan ragamar wannan al'amari, kuma a nan mai bin kalandar Musulunci yana da sauƙi. Ruwa ya fi ƙarfi a kwanakin tsayuwar wata da kuma wajen sha huɗu da sha biyar. Ya fi lafawa idan wata ya rabu biyu, wato wajen bakwai da takwas, da kuma ashirin da biyu da ashirin da uku. Madugu ya nemi jadawalin cikowa da janyewar ruwa na garin, wanda ake samu kyauta a intanet da shagunan kayan su, ya zaɓi ranakun da tazarar ta fi ƙanƙanta. Ko a ranar da ruwa ke da ƙarfi akwai ɗan lokaci da yake tsayawa cik kafin ya juya, kuma a wannan lokacin kyaftin yake so ya riga ya jefa anga a wurin da ya nufa. Shi ya sa idan ya ce a hallara ƙarfe shida, to shida ɗin yake nufi, ba shida da rabi ba.

Sai a haɗa wannan da ranakun da doka ta rufe. A yankin da Homer da Seward suke, an yi shekaru ana hana jiragen shata riƙe halibut ranar Laraba, a wasu shekarun kuma aka ƙara wasu Talatocin bazara, amma ranakun da ake rufewa suna iya sauyawa daga shekara zuwa shekara. A kuma bar rana ɗaya babu komai a ƙarshen zaman, domin idan iska ta tashi kyaftin ya soke fita, a sami inda za a matsar da ita.

Mataki na biyar: zaɓen jirgi da tambayoyin da za a yi

Jiragen shata iri biyu ne. Akwai ƙanana waɗanda lasisin kyaftin ɗinsu bai yarda su ɗauki fasinja fiye da shida ba, akwai kuma manya da hukumar tsaron gaɓar teku ta Amurka ke dubawa, masu ɗaukar mutum goma sha biyu zuwa ashirin ko fiye. Ayarin mutum shida ya ɗauki ƙaramin gaba ɗaya, ya zama jirgin nasu ne su kaɗai. Ayarin mutum takwas ko goma kuwa yana da zaɓi biyu: ya rabu cikin ƙananan jirage biyu, ko ya shiga babba tare da baƙin da bai sani ba. Idan akwai dattawa ko yara, babban ya fi, domin ba ya rawa sosai, yana da ɗaki mai ɗumi da banɗaki na kirki. A 'yan shekarun nan kuɗin yini guda na haɗa halibut da salmon yana kaiwa daga dala 300 zuwa 500 ga kowane mutum, gwargwadon wata da girman jirgi.

Kafin a biya, madugu ya tambaya a rubuce: sa'a nawa za a yi a ruwa, kuma nawa daga ciki tafiya ce, shin kuɗin ya haɗa da sanda da abincin ƙugiya da yanka kifin, me zai faru da kafin alƙalami idan iska ta hana fita, shin jirgin yana da izinin gwamnatin tarayya na kai baƙi kamun halibut, a ina za a haɗu da safe. Mai jirgin da ya yi alkawarin cewa lallai kowa zai cika rabonsa, a yi hattara da shi, domin babu wanda ke da iko a kan abin da ke ƙarƙashin ruwa.

Mataki na shida: lasisi da doka

Duk wanda ba mazaunin Alaska ba ne, in dai ya kai shekara 16, sai ya sayi lasisin su. Ana sayar da na kwana ɗaya, uku, bakwai, sha huɗu da na shekara, a shafin hukumar kifi ta jihar ko a shagunan tashar jirage. Mai neman king kuma sai ya ƙara sayen wani tambarin izini na musamman, kuma da zarar ya riƙe kifin sai ya rubuta rana da wuri nan take, domin akwai adadin da ba a wucewa a shekara. Kowa ya riƙe lasisinsa a jikinsa, tun da kyaftin zai shigar da lambarsa cikin littafin da doka ta wajabta masa cikewa.

Halibut kuwa ba a hannun jiha yake ba. Hukumar haɗin gwiwa ta Amurka da Kanada, wadda ta samo asali daga yarjejeniyar 1923, ita ke ƙayyade yawan da za a kama kowace shekara, gwamnatin tarayya kuma ta fitar da ƙa'idojin jiragen shata. A yankin Homer da Seward tsarin da aka saba shi ne kifi biyu ga mutum a rana, ɗaya kowane irin girma, ɗaya kuma ƙarami wanda bai wuce wani tsawo ba. Tsawon yana sauyawa daga shekara zuwa shekara, ya kan tsaya kusa da inci 28. A kudu maso gabashin jihar, wajen Sitka da Ketchikan, kifi ɗaya ne kawai ga baƙon jirgin shata.

Ga dokar da ayari ya fi tuntuɓe da ita. A Alaska kifi na wanda ya fara sarƙe shi da ƙugiya ne, kuma cikin rabonsa ake lissafa shi. Ba a yarda mutum shida su ce rabonmu sha biyu ne, bari gwanin cikinmu ya kama takwas ya cike wa waɗanda jiri ya kwantar ba. Wanda ya cika nasa ya daina riƙe halibut, wanda ya kwanta kuma rabonsa ya tafi. Na ga yadda wannan ke ɗaure wa mutanenmu kai, domin mun saba abin da aka samu tare a tara shi wuri ɗaya. Wani dattijo a ayarinmu ya sarƙe kifi, hannunsa ya gaji, ya miƙa wa ƙanensa sanda yana cewa, "Karɓi, Malam, ka ƙarasa mini." Yaron jirgin ya yarda, amma ya nuna dattijon da yatsa ya ce kifin nasa ne, a sunansa za a rubuta. Taimako halal ne, musanyar rabo ce ba a yarda da ita ba. Bayan an sauka tudu kowa yana da ikon ya yi kyauta da kifinsa, saboda haka a can ake rabon zumunci. Sayar da kifin da aka kama da irin wannan lasisi kuwa laifi ne kai tsaye.

Mataki na bakwai: sutura, magani da guzuri

Ko a tsakiyar Yuli ruwan tekun yana da sanyin da ke kashe ƙarfin mutum cikin mintoci, iskar da ke kansa kuma tana ratsa riga. A sa tufafi hawa uku: na ciki mai tsotse gumi, na tsakiya na ulu ko makamancinsa, na waje riga da wando na roba masu hana ruwa. A guji auduga, domin idan ta jiƙe ba ta bushewa, sai ta riƙe sanyi a jiki. A nemi takalmin roba mai tsawo wanda ba ya santsi, da hular sanyi, da safar hannu, da tabarau na rana. Yaran da ba su kai shekara 13 ba doka ta ce su sa rigar ceto muddin suna filin jirgi.

Jirin teku shi ne babban mai ɓata tafiyar ayari, kuma ba ya jin kunyar ƙato. Wanda bai taɓa shiga teku ba ya ɗauka cewa zai kama shi. Magungunan da ake saya ba tare da takardar likita ba, irin su meclizine, sun fi aiki idan an sha da daddare sannan aka ƙara da asuba kamar yadda takardar maganin ta nuna. Wanda ya bari sai zuciyarsa ta fara tashi, ya makara. Akwai kuma na mannawa a bayan kunne wanda sai likita ya rubuta, kuma mai hawan jini ko ciwon ido ko wani magani da yake sha kullum ya fara tuntuɓar likitansa. A yi barci sosai, a karya da abu mara maiƙo, a riƙe citta da busasshen biskit. Idan jiri ya fara, kada a shige ɗaki a kwanta ana kallon waya. A fito iska a kafa ido a kan tsauni ko inda sama ta haɗu da ruwa.

Yawancin jirage ba sa ba da abinci, saboda haka kowa ya ɗauki guzurinsa da ruwan sha, wanda kuma hakan ya sauƙaƙa wa mai kiyaye halal. Abu ɗaya dai kada a saka a jaka: ayaba. Masuntan can suna camfa ta da rashin sa'a, wasu da wasa, wasu kuwa da gaske har su jefa ta ruwa. Game da salla, a lura cewa a watan Yuni rana takan yi fiye da sa'a 18 a sama a wannan yanki, magariba tana kaiwa wajen sha ɗaya na dare, alƙibla kuma tana kusan arewa sak, ba gabas ba. A duba lokutan tun kafin a iso, a kuma yi alwala kafin a bar masauki.

Mataki na takwas: a kan ruwa

Da an tashi, kyaftin zai nuna inda rigunan ceto da rediyo suke. A saurara, ko da an taɓa jin irinsa.

Idan aka isa wurin halibut aka jefa anga, yaron jirgi zai ba kowa gajeriyar sanda mai kauri da babbar ƙugiya mai lanƙwasa kamar zobe, an soka mata kifin herring ko yankin octopus, wata dabbar teku mai hannaye takwas, ko kan salmon. Ana sakin zaren a hankali, babban yatsa yana danne da abin naɗin don kada ya cukurkuɗe, har a ji dalma ta bugi ƙasa, sannan a ɗan naɗo kaɗan. Kowa ya tsaya inda aka ajiye shi, domin ruwa yana jan dukkan zaruruwa gefe guda, kuma mutum ɗaya da ya saki zare fiye da kima yana iya harɗe na mutum huɗu.

A nan ne wanda ya saba fatsa a kogi yake yin kuskure. Hannunsa ya saba da fizga da zarar ya ji motsi, ita kuwa wannan ƙugiya ba a fizgarta. Za a ga bakin sanda yana ɗan rawa, tak, tak, kamar ana ƙwanƙwasa ƙofa. Wannan halibut ne yana ɗanɗanawa. A ƙyale shi. Sai sandar ta sunkuya ta tsaya a sunkuye, sannan a fara naɗawa a hankali ba tsayawa, ƙugiyar da kanta za ta zame ta kama gefen bakinsa. Daga nan aikin na ƙafa da baya ne: a ɗaga sanda sannu, a sauke ta ana naɗe zaren da aka samu, a sake ɗagawa. Kada a bar zaren ya yi sako-sako ko na daƙiƙa ɗaya. Idan kifin ya ja ya koma ƙasa, a bar shi ya ja, domin an saita abin naɗin ya saki zare kafin ya tsinke.

Da an hango farin cikinsa a ƙarƙashin ruwa, a yi kira, a kuma bar kansa cikin ruwa, domin fito da kan shi ke sa shi haukacewa. Sauran aikin na ma'aikatan jirgi ne. Ƙarami za su ɗago shi da ƙugiyar sanda, babba kuwa sai sun soke shi da mashi mai igiya, wani lokaci ma su harbe shi kafin su shigo da shi, domin halibut mai kilo 50 da ke bugun daɓen jirgi yana iya karya ƙafar mutum. Kowa ya ja da baya ya ba su wuri. Kafin a kashe kifi za a tambayi mai shi ko zai riƙe, kuma a nan ake bukatar lissafi: wanda ya riƙe mai kilo 8 a matsayin babbansa da ƙarfe tara, ba shi da bakin magana idan mai kilo 25 ya zo da ƙarfe sha ɗaya.

Wani lokaci ƙugiya takan ɗauko kifin duwatsu mai manyan idanu daga zurfi, cikinsa ya kumbura saboda sauyin nauyin ruwa. Tun 2020 doka ta wajabta wa kowane jirgin su a tekun Alaska ya riƙe na'urar mayar da irin wannan kifi zurfi idan za a sake shi, saboda haka a miƙa wa yaron jirgi, kada a jefa shi haka nan.

Kamun salmon salonsa dabam. Ko dai jirgi ya riƙa tafiya a hankali yana jan ƙugiyoyi a bayansa, an saukar da su zurfin da ake so da wata ƙatuwar dalma mai waya, an ɗaura wani faranti mai walƙiya a gaba don ya ja hankalin kifi. Ko kuma a kashe inji kowa ya riƙe sanda mara nauyi, yana saukar da yankakken herring yana naɗowa, shi kuma yana juyawa cikin ruwa kamar mai rauni. A salon farko sanduna ba su kai yawan mutane ba, saboda haka a tsara layi tun kafin kifi ya zo: wane ne na ɗaya, wane ne na biyu, a kuma fara da yara da waɗanda ba su kama komai ba tukuna. Silver yana iya rugowa wajen jirgi da gudu har mutum ya zaci ya kuɓuce. A ci gaba da naɗawa da sauri. Idan ya zagaya jirgi, mai sandar ya bi shi, sauran kuma su ɗaga nasu ya wuce ta ƙasa. Da raga mai mariƙi ake ɗauko shi, ta wajen kai.

Mataki na tara: daga tasha zuwa tukunya

Kifi mai kyau yana farawa ne daga zubar da jininsa nan take da ajiye shi cikin sanyi, kuma jirgin kirki yana yin wannan ba sai an roƙa ba. A hanyar dawowa ko a tasha yaron jirgi zai fere tsokar daga ƙashi. Halibut yana ba da manyan yanka huɗu da kumatu biyu, kuma kada a bari a manta da kumatun, domin sun fi ko'ina daɗi. Kimanin rabin nauyin kifin ne ke zama tsoka, saboda haka mai lissafin akwati ya raba abin da sikeli ya nuna biyu. Mai son kan salmon don farfesu ya faɗa tun da wuri, in ba haka ba za a zubar. Al'adar wurin ce a ba ma'aikatan jirgi tukuici na kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari na kuɗin shata. Ma'aji ya tara shi tun a masauki cikin ambulan ɗaya, don kada a tsaya ana laluben aljihu a gaban mutane.

A bakin tashar akwai kamfanonin da ke karɓar kifin, su yanka shi gunduwa-gunduwa, su rufe cikin leda da aka zuƙe wa iska, su daskarar da shi, ana biyansu gwargwadon nauyi. Wasunsu suna yin banda, amma wannan yana ɗaukar kwanaki, sai dai su aiko daga baya. Daskarewa tana bukatar aƙalla dare guda, wanda shi ma dalili ne na kada a sa ranar su ta zama ranar tashi. A nan ayari zai zartar da abin da ya amince a kai tun farko: ko kowa ya tafi da abin da ya kama, ko a haɗa a raba daidai. Idan rabawa za a yi, a gaya wa kamfanin yawan akwatunan da ake so da sunan da za a rubuta a kan kowanne, a kuma ce su gauraya halibut da salmon a cikin kowane akwati.

Akwatunan an yi su ne su tsaya a laba 50, wato kilo 23, daidai nauyin jaka ɗaya a jirgin sama, kuma shigar da su a matsayin kaya ya fi aikawa ta kamfanin saƙo araha nesa ba kusa ba. Ba a yarda da ƙanƙarar ruwa a ciki ba. Busasshiyar ƙanƙara kuwa ba a wuce kilo biyu da rabi ga fasinja, kuma sai an sanar da kamfanin jirgin. Akwatin da aka cika da daskararren kifi aka rufe da kyau yana jure tafiyar yini guda, kuma filin jirgin Anchorage yana da wurin ajiya mai firiza ga wanda zai jira. Wanda zai ƙetare da kifin zuwa wata ƙasa ya binciki dokar kwastan ta can da tsawon zangon da zai yi a hanya kafin ya biya kuɗin akwati. Da an isa gida a buɗe, a taɓa kowace leda: wadda take da tauri ta wuce firiza, wadda ta fara saki amma tana da sanyi a sa ta firji a dafa cikin kwana ɗaya ko biyu. Salmon yana da maiƙo, saboda haka shi za a fara ci cikin watannin farko. Halibut ya fi jure ajiya, sai dai ba shi da kitse, kuma a sauke shi daga wuta da zarar tsokarsa ta yi fari ta fara rabuwa.